Jagora ga Sabon Shiga: Sayen Gidan Jari ta Hannun 'Yan Sarin Gidaje a Amurka

Duk wanda ya taɓa zagayawa cikin tsofaffin unguwannin biranen Amurka, irin su Detroit, Cleveland, Memphis ko Baltimore, zai ga ƙananan alluna an kafa a bakin titi ko an liƙa a jikin turakun lantarki, ɗauke da lambar waya da alkawarin sayen kowane irin gida da kuɗi hannu. Da yawa daga cikin masu kafa waɗannan alluna ba su da niyyar mallakar gidan. Sana'arsu ita ce su nemo mai gidan da ke cikin matsi, wataƙila saboda bashin haraji, ko gadon da magada suka rasa yadda za su yi da shi, ko gini da ya lalace ya fi ƙarfin aljihunsa, su ƙulla yarjejeniyar saye da shi a kan farashi mai rahusa, sannan su miƙa wannan yarjejeniya ga wani mai jari su karɓi ribarsu a tsakani. Su ne zan riƙa kira 'yan sarin gidaje, kodayake wanda ya san kasuwannin Kano zai ga sun fi kama da 'yan kayi-nayi. 'Yan'uwanmu da ke zaune a New York, Houston ko Maryland, har da wasu da ke gida suna son ajiye dukiyarsu a dala, suna samun irin wannan tayi ta waya da Facebook, kuma ina ganin akwai buƙatar a bayyana musu yadda abin yake kafin su saki kuɗin da suka yi shekaru suna tarawa.

Ka fara sanin abin da kake saye

Ɗan sari ya bambanta da dillalin da muka saba da shi. Dillali yana haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'ada, kuma a Amurka sai da lasisin jiha yake aiki, tare da nauyin da doka ta ɗora masa game da wanda yake wakilta. Ɗan sari kuwa kansa yake yi wa aiki. Shi ne ya sa hannu a matsayin mai saye, kuma abin da yake sayar maka shi ne gurbinsa a cikin wannan yarjejeniya. Da zarar ka karɓi gurbin, duk sharuɗɗan da ya amince da su sun hau kanka: farashi, ranar kammala ciniki, da kuma karɓar gidan a yadda yake ba tare da mai shi ya gyara ko ƙusa ɗaya ba.

Hanya biyu ake bi. A ta farko ana rubuta takardar miƙa yarjejeniya, wadda za ta nuna ƙarara nawa ɗan sarin zai ci, sai mallaka ta taso kai tsaye daga mai gida zuwa gare ka. A ta biyu ɗan sarin yana sayen gidan da gaske, sau da yawa da bashin yini ɗaya, sannan ya sayar maka a ranar ko washegari, kuma masu bin wannan hanya galibi ba sa son ka ga yawan ribarsu. Ga Musulmin da ke kiyaye hukuncin ciniki wannan bambanci yana da nauyi, domin hanin da ya zo a kan mutum ya sayar da abin da bai mallaka ba sananne ne, kuma ya dace ka kai wa malamin da ya fahimci mu'amalar zamani ainihin takardun ya duba kafin ka shiga, maimakon ka tambaye shi da baki a dunƙule.

Dokar jiha ma tana da tasiri, domin kowace jiha da nata tsarin. Tun 2019 jihar Illinois ta wajabta lasisin dillanci a kan wanda ya yi irin wannan ciniki fiye da sau ɗaya cikin wata 12. Oklahoma ta kafa dokarta a 2021, wadda ta buƙaci lasisi ga mai tallata irin wannan yarjejeniya ga jama'a, birnin Philadelphia kuma yana da lasisi na musamman ga 'yan sarin gidajen zama. Tambayar farko da za ka yi wa lauyan harkar gidaje a jihar da ka zaɓa ita ce mene ne matsayin wannan sana'a a can.

Ka shirya kuɗi da manufa kafin ka nemi gida

Cinikin ɗan sari yana tafiya da sauri. An saba a nemi kammalawa cikin mako biyu ko uku, kuma bankunan da ke ba da bashin gida na yau da kullum ba sa iya wannan gudu, balle ma yawancin gidajen ba su cika sharuɗɗan lafiyar gini da banki yake nema ba. Saboda haka masu saye suna zuwa ne da tsabar kuɗi ko da bashin gajeren lokaci daga masu ba da rance masu zaman kansu, wanda ruwansa ya zarce na banki nesa ba kusa ba. Wanda yake guje wa bashi mai ruwa ya sani tun farko cewa ƙofarsa ita ce kuɗin kansa ko haɗin gwiwa da abokan jari a rubuce, inda aka fayyace kason kowa a riba da asara. Za a nemi ka nuna takardar banki mai tabbatar da cewa kuɗin suna nan, kuma wanda kuɗinsa za su taso daga wata ƙasa ya tabbatar sun iso asusunsa na Amurka kafin ya sa hannu a komai, domin jinkirin aiko da kuɗi ba uzuri ba ne a ranar kammalawa.

Ka kuma yanke shawara ko gyara za ka yi ka sayar ko kuwa haya za ka bayar, domin gidan da ya dace da ɗaya ba lallai ya dace da ɗayan ba. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya zaɓi birni ɗaya, ya zaɓi unguwa biyu ko uku a cikinsa, ya san su kamar yadda ya san unguwar da aka haife shi. A waɗannan birane tazarar titi biyu kaɗai tana iya raba gidan da masu haya ke rububinsa da wanda zai shekara babu mai tambaya.

Inda ake samunsu da yadda ake tace su

Samun 'yan sari ba shi da wuya. Suna halartar tarukan ƙungiyoyin masu zuba jari a gidaje da ake yi a yawancin manyan birane, suna cikin zaurukan Facebook na kowane gari da dandalin intanet na masu jarin gidaje mai suna BiggerPockets, kuma kiran lambar da ke jikin allunan bakin titi ya isa a sa sunanka cikin jerin masu saye. Aikin yana wajen tacewa, domin sana'a ce da ake shiga ba tare da jari ba, kuma da yawa sun shige ta ne bayan kallon bidiyo kaɗan a intanet.

Ka tambaye shi adireshin gidaje uku ko huɗu da ya kammala cinikinsu a baya-bayan nan, ka duba su a rajistar gunduma, wadda a wurare da yawa a buɗe take a intanet. Ka nemi ya haɗa ka da wasu da suka saya a hannunsa, ka kuma tambayi sunan kamfanin tantance mallaka (mai binciken takardun gida da kammala ciniki) da yake aiki da shi, ka kira kamfanin da kanka. Sannan ka nemi ganin ainihin yarjejeniyar da ke tsakaninsa da mai gida. Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu inda mutum zai ɗauki tallan wani ɗan sari ya ƙara nasa kuɗin ya tura gaba, na gaba ma ya ƙara, har gidan ya iso gare ka ta hannu uku ko huɗu alhali mutum ɗaya ne kawai yake riƙe da takarda. Wanda ya kasa nuna maka yarjejeniya mai ɗauke da sunansa ko sunan kamfaninsa ba shi da abin da zai miƙa maka.

Lissafi, inda ake cin riba ko a tafka asara

Kowane talla da ɗan sari zai turo yana ɗauke da lambobi uku: farashin da yake nema, kuɗin gyara da ya ƙiyasta, da darajar da gidan zai kai bayan an gyara shi. Na farko ne kaɗai tabbatacce. Sauran biyun ra'ayin mutum ne da ribarsa ta rataya a kan ka yarda da su, kuma ko mai gaskiya ne yakan karkata ga rage kuɗin gyara da ɗaga darajar ƙarshe. Dole ka sake gina waɗannan lambobi biyu da kanka daga tushe.

Darajar bayan gyara ana samo ta ne daga gidaje makamanta da aka riga aka sayar, domin farashin da wani ya rubuta a talla buri ne kawai. Ka nemi aƙalla uku da aka sayar cikin wata uku zuwa shida da suka wuce, a tazarar da ba ta wuce rabin mil ba, masu kusan girma ɗaya, yawan ɗakuna ɗaya da shekarun gini masu kusanci, kuma waɗanda aka gyara su zuwa matakin da kake shirin kai naka. Shafukan cinikin gidaje na intanet, Zillow da Redfin, suna nuna farashin da aka sayar a yawancin jihohi, amma akwai jihohi kamar Texas da doka ba ta tilasta bayyana farashin ciniki ba, inda sai ka nemi dillali mai lasisi ya ciro maka daga rumbun bayanan dillalai. Ka lura da gidan da aka ɗauko daga hayin babban titi ko daga wata gundumar makaranta, domin nan ne ake yawan ɓoye ƙari.

Kuɗin gyara kuwa ɗan kwangila ne zai faɗe shi bayan ya taka cikin gidan da ƙafarsa, kuma a rubuce, ɓangare-ɓangare. Fenti da daɓe da kayan kicin kowa yana ganinsu, kuma ba su ne ke karya mutum ba. Abubuwan da ke cinye jari su ne rufi, harsashin gini, wayoyin lantarki na da, na'urar ɗumama gida da bututun da ke kai ƙazanta zuwa babbar magudana, wanda sai an zura kyamara ake sanin halinsa. A biranen sanyi kamar Cleveland da Detroit, gidan da ya yi hunturu babu kowa ciki yana iya kasancewa bututun ruwansa sun daskare sun fashe a cikin bango, ko ɓarayi sun zare na tagulla. Gidan da aka gina kafin 1978 kuma yana iya ɗauke da fenti mai dalma, wanda dokar tarayya ta wajabta a sanar da mai saye da mai haya game da shi, aikin gyaransa ma yana da ƙa'idoji da ke ƙara kuɗi. Bayan ɗan kwangila ya ba ka jimla, ka ɗora kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a kai saboda abin da zai bayyana bayan an fasa bango.

Masu gyara su sayar suna amfani da ma'aunin kashi 70: a ɗauki kashi 70 cikin ɗari na darajar bayan gyara, a cire kuɗin gyara, abin da ya rage shi ne iyakar abin da za a biya, har da ribar ɗan sari a ciki. A ɗauka tallan ya ce gida zai kai dala 200,000, gyara kuma dala 40,000. Kashi 70 ya ba da 140,000, a cire 40,000 saura 100,000, wanda shi ne farashin da ɗan sarin ya nema, wataƙila 85,000 na mai gida, 15,000 nasa. A takarda komai ya daidaita. To amma idan binciken da ka yi ya nuna cewa makamantansa 180,000 ake sayar da su, ɗan kwangilarka kuma ya ce gyara 60,000 ne, iyakarka ta koma 66,000. Ratar dala 34,000 da ke tsakani ita ce kusan dukkan ribar da kake hange. Kashi 30 ɗin da aka ware ma ba riba ce zalla ba, domin daga ciki ne za a biya la'adar dillalan da za su sayar maka, kuɗin kammala ciniki sau biyu, haraji, inshora, wuta da ruwa na duk watannin da gidan zai zauna ana aiki.

Mai niyyar ba da haya yana da nasa ma'aunin. Ana yawan cewa hayar wata ta kai kashi 1 cikin ɗari na duk abin da aka kashe, kuma a ɗauka kusan rabin hayar zai tafi a haraji, inshora, gyare-gyare, ladan mai kula da gida da watannin da babu ɗan haya. Gidan da ya ci 140,000 gaba ɗaya, ana karɓar 1,400 a wata, zai bar kimanin 8,400 a shekara, wato kashi 6 cikin ɗari. Waɗannan ma'aunai na tacewar farko ne, kuma wajibi ne ka maye gurbinsu da ainihin harajin gidan daga shafin gunduma da ainihin farashin inshora daga kamfani.

Ban damu ƙwarai da yawan ribar ɗan sari ba idan lissafina ya fita a farashin ƙarshe, domin nemo irin waɗannan gidaje aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Abin da na damu da shi shi ne yadda aka samo gidan. Idan ka ga alamar cewa an yaudari tsohuwa ko maras lafiya aka karɓe gida a rabin darajarsa ba tare da sun fahimci abin da suka sa wa hannu ba, ka janye, domin haƙƙi ne, kuma irin wannan ciniki ne magada ke kai wa kotu daga baya.

Ka ga gidan da ido

Sau da yawa ɗan sari yakan ware sa'a ɗaya ko biyu ya tara masu saye duka a lokaci guda domin kowa ya ji tsoron wani zai riga shi. Ka je da ɗan kwangilarka, in da hali da mai binciken gini mai lasisi, kuma idan kana nesa ka biya wanda ba shi da alaƙa da ɗan sarin ya je a madadinka ya ɗauko bidiyon kowane ɗaki, ƙarƙashin gida da kuma gidajen maƙwabta. Baƙi da yawa daga ƙasashen waje sun sayi gidaje masu arha a Detroit bayan rikicin bashin gidaje na 2008 bisa hotuna kawai, daga baya suka tarar da kango da bashin haraji. Idan akwai mutum a cikin gidan, ka san ko ɗan haya ne mai takarda, ko mai gidan ne da bai tashi ba, ko wanda ya shiga ba da izini ba, domin fitar da mutum galibi sai ta kotu, kuma a wasu jihohi yana ɗaukar watanni. Ga sabon shiga ya fi aminci ya sa sharaɗin a miƙa masa gida babu kowa ciki.

Takardu da kafin alƙalami

Ka karanta takardu biyu tare da lauyanka: yarjejeniyar asali da takardar miƙawa. A ta asali ka tabbatar an yarda a miƙa ta ga wani, cewa wa'adinta bai ƙare ba, kuma cewa wanda ya sa hannu shi ne mai gidan da ke cikin rajistar gunduma. Idan gidan gado ne, ka tabbatar wanda ya sa hannu yana da ikon kotu na sayarwa ko kuma duk magada sun sa hannu.

Za a nemi kafin alƙalami, yawanci dala dubu kaɗan, kuma galibi ana rubuta cewa ba a mayarwa. Ana iya jure wannan idan ka riga ka gama bincikenka, amma da sharaɗi biyu da ba a sassauta su. Na farko, kuɗin su tafi asusun amana na kamfanin tantance mallaka ko na lauyan da zai kammala cinikin, kada su shiga asusun ɗan sarin ta manhajar tura kuɗi irin Zelle ko Cash App ko wata hanya makamanciya. Na biyu, a rubuta cewa za a mayar maka da su idan mai gida ya fasa ko aka kasa samar da mallaka mai tsabta. Ribar ɗan sari kuma a biya ta a ranar kammalawa, ta hannun kamfanin, bayan komai ya tabbata.

Kamfanin tantance mallaka shi ne zai binciko duk abin da ke rataye a wuyan gidan: ragowar bashin banki, harajin da ba a biya ba, hukuncin kotu, da haƙƙin ɗan kwangilar da ya yi aiki ba a sallame shi ba. Ka nemi a duba bashin ruwa da tarar hukumar birni a kan saɓa ƙa'idar gini, har da ko an sa gidan cikin jerin waɗanda za a rushe, domin waɗannan ba kullum suke fitowa a binciken farko ba, kuma a birane da yawa gidan suke bi. Ka sayi inshorar mallaka ta mai gida, wadda ke kare ka idan wata matsalar mallaka ta ɓullo daga baya, kuma ake biya sau ɗaya tak, ka kuma nemi takardar mallaka mai ɗauke da lamunin mai sayarwa. Akwai wata iri da mutum ke cewa kawai ya sakar maka duk haƙƙin da yake da shi, in ma yana da shi, kuma bai kamata baƙo ya karɓi irinta a ciniki ba. A jihohi irin su Georgia da South Carolina lauya ne ke jagorantar kammala ciniki.

Kafin ka tura ragowar kuɗin, ka kira kamfanin ta lambar da ka samo da kanka ka tabbatar da bayanan asusun baki da baki, domin 'yan damfara suna kutsawa cikin imel su aiko da lambar asusu ta bogi a daidai ranar biya, kuma kuɗin da aka tura daga banki zuwa banki da wuya su dawo. Ka nemi takardar lissafin ƙarshe kwana ɗaya kafin ranar, ka bi ta layi-layi.

Haraji da abin da ke biyo baya

Wanda ba mazaunin Amurka ba yana iya mallakar gida a yawancin wurare, amma yana buƙatar lambar biyan haraji ta ITIN daga IRS, hukumar haraji ta tarayya. Hayar da yake karɓa ana iya cire mata kashi 30 cikin ɗari daga tushe sai idan ya cike takardun da za su sa a caje shi a kan ribar da ta rage bayan kashe-kashe. Ranar da zai sayar, dokar FIRPTA ta sa a riƙe kashi 15 cikin ɗari na farashin har sai ya shigar da bayanan harajinsa. Abin da ya fi kamata iyali su sani shi ne harajin gado, domin abin da ake yafe wa haraji a dukiyar wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba mazauni ba dala 60,000 ne kacal. Da yawa suna saye da sunan ƙaramin kamfani na LLC, amma akanta mai sanin harkar baƙi ne zai faɗa maka tsarin da ya dace da kai, kuma a yi wannan kafin sa hannu domin sunan da ke kan yarjejeniya ya dace da wanda zai hau takardar mallaka. Mai gyara ya sayar kuma ya tuna cewa bashin FHA, wato bashin gida da gwamnatin tarayya ke tsaya wa, wanda masu sayen gidan farko da yawa ke dogara da shi, ba ya shiga gidan da mai shi bai cika kwana 90 da mallakarsa ba.

A ranar da aka kammala, ka tabbatar inshorar gidan da babu kowa ciki ta riga ta fara aiki, domin inshorar gida ta yau da kullum tana taƙaita biyan diyya idan gida ya daɗe a rufe. Ka canza makullai a ranar, ka mayar da wuta da ruwa da gas zuwa sunanka, ka sa ɗan kwangila ya ciro izinin aiki daga hukumar birni kafin ya taɓa lantarki ko famfo, kuma ka biya shi kashi-kashi gwargwadon aikin da ka gani an gama. Bayan 'yan makonni ka koma rajistar gunduma ka tabbatar an shigar da takardar mallaka da sunanka daidai, kuma adireshin da za a riƙa aiko maka da takardar haraji shi ne wanda kake karɓar wasiƙa a cikinsa.